Neman kalmar Hausa: me za mu kira kalori a Damagaram?

Mai shirin lafiya a rediyo:
Assalamu alaikum. Malamai, a ba mu mafita. A shirye-shiryen ciwon suga da ƙiba, wani ya ce "ƙarfin abinci", wani ya ce "kuzari", wani ya bar ta kalori. Mai sauraro a Birni ko Zango yana jin abu uku daban. Wacce za mu tsayar?

Malamin kimiyya:
Wa'alaikumus salam, Malam. A fara raba abin da ake aunawa da ma'aunin. Kalori ma'auni ne, kamar kilo da lita, kuma ba wanda ya nemi Hausar kilo. Wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci, kcal, shi ne zafin da zai ɗaga lita 1 ta ruwa da digiri 1, daidai da kilojul 4.184 (shi ma wani ma'aunin zafi ne). A bar shi kalori. Abin da ake aunawar ne ke neman suna, ni kuwa na zaɓi makamashi, domin jiki ƙona abinci yake yi da iskar da muke shaƙa.

Ma'aikaciyar sashen tamowa:
Na yarda da Malam, kuma ina roƙon a bar "ƙarfi" gaba ɗaya. Da zarar an ce wa uwa suga yana da ƙarfi, sai ta ƙara wa yaro suga a koko tana zaton gina shi take yi, alhali babu sinadarin gina jiki a ciki ko kaɗan. "Kuzari" ma ba ta zauna ba. Mai teɓa ya tara makamashi jibgi a kitsensa, amma ga shi yana haki a hawan bene.

Da lissafi abin ya fi fitowa. Giram 1 na sitaci ko suga kalori 4 ne, na sinadarin gina jiki ma 4, na mai kuwa 9. Shi ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai wajen 120, ƙwayar suga ɗaya ta shayi wajen 20. Hatsi giram 100 yana da kimanin 360, ke nan tiya ɗaya mai kilo 2.5 ta kai wajen 9,000. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa 2,100 ga mutum a yini, to tiya ta ishe mutum huɗu, kafin a cire dusar surfe. Ledar Plumpy'Nut mai giram 92 da ake ba yara masu tamowa kalori 500 ce, saboda gyaɗa da mai da madara da aka cusa mata.

Mai shirin lafiya a rediyo:
Hajiya, saura daidaiton da ke tsakanin ci da ƙonawa. Me za a ce?

Ma'aikaciyar sashen tamowa:
"Shiga da fitar makamashi", yadda ɗan kasuwar Dole ke cewa shiga da fitar kuɗi. In shiga ta fi, jiki ya adana rarar a kitse. In fita ta fi, ya ci ajiyarsa, kuma in abin ya daɗe har tsoka yake ci, ramar bazara da lokacin noma ke nan. A bayyana wa mutane cewa fita ba zufar aiki kaɗai ba ce: wajen kashi biyu cikin uku yana tafiya ne a numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da ɗumin jiki, ko mutum yana kwance. Mai shayarwa kuma tana bukatar ƙarin kusan 500 a yini.

Malamin kimiyya:
Sharaɗi ɗaya, Malam: a farkon kowane shiri a ce "makamashin abinci" cikakke, don kada a zaci gawayi ko gas ake nufi.