Yayata mai ciwon sukari: ko ta yi komai cif, ko ta watsar da duka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Yayata tana da ciwon sukari nau'i na 2, tana shan metformin 500mg safe da dare tare da abinci. Ƙa'idojin ciwon duk ta san su. Matsalar ita ce in abu bai cika cif ba, a wurinta kamar ba a yi shi ba ne. Likita ya ce ta riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ranar da aiki ya hana ta, sai ta ce makon ya lalace, ta jira Litinin. In ta ci shinkafa da yawa a gidan biki, washegari ba za ta gwada jini ba, don kada na'urar ta nuna sama da 130 kafin karin kumallo. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a irin wannan rana har maganin take bari, wai ai an riga an ɓata.

Mun manna jadawali a bango, gurbin da ba ta cike ba ya zama abin zargin kai, ta yage shi. Mun rage tafiyar zuwa minti 10, ta ce wasa ne. Ƙararrawar waya kuwa kashe ta take yi.

Wace dabara ce takamaimai za ta sa ta koma kan magani da gwaji washegarin ranar da ta yi kuskure, ba sai ta jira sabon mako ba?