Mu da muke Norwe ranar 22 ga Yuli, 2011: me kuka tuna?

Baƙon Oslo:
Salamu alaikum. Jiya yarana suka tambaye ni yadda ranar ta kasance, na ce bari in ji naku. Juma'a ce, saura kwana goma azumi. Ina Grønland, wajen ƙarfe uku da rabi, sai na ji ƙara, tagogi suka girgiza. Ashe bam ne ya tashi a gindin ofishin Firayim Minista Jens Stoltenberg. Addu'ata ta farko: Allah Ka sa ba Musulmi ba ne.

Maman 'Yan Biyu:
Kai ma ke nan, Malam. Ina cikin bas da hijabina wani dattijo ya ce mini mu koma inda muka fito. Ban tanka ba. Da dare aka ce ɗan ƙasa ne, Anders Breivik. Wallahi hankalina ya kwanta, sai kuma kunya ta kama ni, don mutum 77 ne suka rasu, 69 a tsibirin Utøya inda ya buɗe wuta, yawancinsu samari da 'yan mata na jam'iyyar Labour. 'Ya'yan mutane.

Ɗan Damagaram:
Ni jira nake in ji dokar ta-ɓaci, yadda na saba gani a gida. Sai Stoltenberg ya fito ya ce martaninsu ƙarin dimokuraɗiyya ne da buɗe ƙofa, amma ban da sakaci. Ran Litinin na bi maƙwabtana dandalin Rådhusplassen, kowa da fure a hannu. Ban san waƙoƙin ba, na dai ɗaga nawa.

Baƙon Oslo:
Juma'ar da ta biyo baya ya zo masallaci a Oslo. Wannan zuwan ya sa da yawanmu muka sake jiki.

Malamin Lissafi:
Baki dai yana da shi, ban musa ba. Amma rahoton kwamitin Gjørv da ya binciki harin, na Agustan 2012, ya ce da an iya hana tashin bam ɗin: titin Grubbegata da ya bi ta kusa da ofishin, an daɗe da yanke shawarar rufe shi, ba a rufe ba. 'Yan sanda kuma sun yi jinkirin isa tsibirin. Stoltenberg ya nemi gafara a majalisa, bai sauka ba. Sai a 2013 Erna Solberg ta karɓe kujerar.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiyarka, Malam. Dattijon nan kuwa na sake haɗuwa da shi a bas bayan mako biyu. Ya sunkuyar da kai har na sauka.