Wai ci gaban Indiya na mai haƙan rijiya ne?

Ɗan Gwagwarmaya: Salam jama'a. Ni fa na gaji da masu cika mana kunne da Indiya kaza Indiya kaza. Eh sun sauke kumbo a duniyar wata a 2023, eh har mai tallan bakin titi da waya ake biyansa ta tsarinsu na tura kuɗi wato UPI, amma ƙasar da manomanta suka kwashe shekara guda cur suna kwana a kan titi a bakin Delhi tun ƙarshen 2020 har sai da Firaminista Modi ya janye dokokin noman nan guda uku a Nuwamban 2021, wlh wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne. Wanda ya ji haushi ya zo.

Injiniya: Mai haƙan rijiya kuma? Malam ka san ma'anar abin da ka rubuta kuwa? Mai haƙan rijiya ƙasa ƙasa yake yi. Ƙasar da a shekarun 1960 jirgin alkama take jira daga Amurka, yau ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, da ta taƙaita fitarwa a 2023 ai duniya ta ji a jikinta. Nuna min ƙasan.

Hajiya Malama: Injiniya ai rijiyar ma ta gaske ce. A jihar Punjab gwamnati na sayen shinkafa da alkama a farashin da ta yanke, wutar famfon ban ruwa kuma kyauta, sai kowa ya rungumi shinkafa a yankin da ruwan sama bai ishe ta ba, ruwan ƙasa na ta janyewa, manomi ya ci bashi ya ƙara zurfi, bayan 'yan shekaru ya sake ci.

Injiniya: Hajiya da girmanki, wannan burtsatse ne ba rijiya ba.

Hajiya Malama: To ƙanena meye cikakken sunanta? Ba rijiyar burtsatse ba?

Injiniya: Suna daban aiki daban. Inji ne ke hudawa, ba mutum ke shiga ciki ba. Karin maganar da mutum take.

Na Gefe: Hhhh yau ake yinta

Ɗan Gwagwarmaya: Dole ka kare su mana, ba can ka yi digirinka ba? Ka ci gishirinsu.

Injiniya: Gara ni na taka ƙasar. Kai Indiyar da ka sani ta cikin fim ce, ka zata kowa rawa yake a gona.

Baban Yara: Yallaɓai ku bar rijiyar nan don Allah. Kusan rabin masu aiki a ƙasar noma suke, amma abin da noman ke kawowa bai kai kashi 20 cikin ɗari na tattalin arzikin ba, gonar yawancinsu kuma ba ta kai hekta 2 ba. Manhaja za ta gaya maka farashin kasuwa, za a turo maka rupee 6,000 na tallafi a shekara kai tsaye cikin asusu, amma taku ɗaya ba za ta ƙara wa gonarka ba.

Na Gefe: Baba mu dai a fara raba mana gardama, burtsatse rijiya ce ko a'a?

Ɗan Gwagwarmaya: Ya janye maganar fim tukuna. Ni ban taɓa zaginsa ba.

Injiniya: Wa ya fara maganar gishiri?

Admin: Toh ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Indiya ta yi nisa a fasaha, kumbo da shinkafar da Injiniya ya kawo babu wanda ya iya musawa. Batun ruwa da Hajiya ta taɓo ƙaramar matsala ce ta jiha ɗaya. Mai post kuma a daina shigo da karin magana in ba a shirya kare ta ba. Na rufe.

Hajiya Malama: Admin kumbon ai mai post ne ya kawo shi, kuma jihar Haryana ma haka ruwan yake. Wa ya ce maka jiha ɗaya?