Gidajen gwamnati a Ikko: ɗan kasuwa irina yana da rabo a ciki kuwa?

Baban Hafsa, Ketu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, amma sai na yi mata shimfiɗa.

Albasa nake sayarwa a Mile 12, shekarata 11 ke nan a Ikko. Ciki da falo nake haya a Ketu, ni da mai ɗakina da yara 4, a irin gidan nan mai ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa. Iyali 9 ne mu, banɗaki 2. Bara naira 350,000 na biya. Makon jiya ɗan mai gidan ya miƙo mini takarda, wai bana 600,000 ne, wanda ba zai iya ba ya nemi wani wurin. Ko ƙusa ɗaya ba a buga a gidan ba. Da damina sai mun ɗora katifa a kan benci, domin kwata na cika ruwa ke shigowa falo.

Na zaga wurin dillalai 3. Duk inda aka kai ka, bayan kuɗin haya akwai na dillali, na lauya, da wanda ake ajiyewa saboda ɓarna. Wani gidan da aka ji yawan yarana aka ce a'a. Wani kuma dillalin ya faɗa mini a fili cewa mai gidan ba ya son ɗan Arewa. Wannan ta tsaya mini a rai, don ban taɓa riƙe wa kowa kuɗin haya ba.

To na ji ana maganar gidajen gwamnatin jiha da ake biya kaɗan-kaɗan kamar haya har gida ya zama naka, kuma na ga irinsu da idona a Igbogbo da na raka wani kai kaya. Shin wanda ba ya karɓar albashi, kuma ba ɗan asalin jihar ba, ana ba shi? Sannan me ya sa duk gidan da gwamnati ta gina na sayarwa ne? Ni a yanzu ba mallaka ce gabana ba. Ɗaki nake so mai tsafta wanda na san kuɗinsa ba zai ninka mini dare ɗaya ba. Babu wata hukuma da take ba da haya kawai?

Maman Khalil, Agege

Wa alaikumus salam Baban Hafsa, Allah ya kawo mafita. Koyarwa nake yi, kuma na bi diddigin tsarin nan don ni ma na so shiga.

An fara shi a ƙarshen 2016, zamanin Gwamna Ambode, kuma Lagos Mortgage Board, hukumar bashin gidaje ta jihar, ce ke kula da shi. Kana ba da kashi 5 cikin 100 kafin alƙalami, ragowar a raba maka shekara 10, da ruwa kashi 6. Kafin shi akwai tsarin Lagos HOMS na zamanin Gwamna Fashola, 2014, wanda kafin alƙalaminsa kashi 30 ne, shi ya sa mutane da yawa suka kasa. Ba a tambayar asalinka. Zama a jihar ake dubawa, wato katin LASRRA na rajistar mazauna jihar, sai shekara 21 zuwa sama, sai shaidar biyan haraji, kuma ya zama gidanka na farko ne. Ɗan kasuwa na iya nema, amma sai banki ya nuna abin da ke shigo maka. In cinikinka duk hannu da hannu ne, nan za ka maƙale.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da za ka biya a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka ba. Mu ɗauka gida miliyan 10 ne. Ka ba da 500,000, saura miliyan 9 da rabi a wata 120, kusan 79,000 ke nan a wata tun ba a sa ruwa ba. Sai mai samun kusan 240,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan kuwa 85,000 ne. Da na yi wannan lissafin na ninke fom ɗin na ajiye.

Batun takardar da aka ba ka, kada ka tsorata ka kwashe kaya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, kuma ɗan haya na da damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali. Ketu na cikin inda dokar ke aiki. Akwai Citizens' Mediation Centre, suna zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. Ka tattara rasit ɗinka duka.

Alhaji na Mile 2

Ɗana, tambayarka ta biyu ita ce tambaya.

Na sauka Ikko a 1976, ina ganin ana gina rukunin gidajen Festac saboda bikin al'adu na 1977. Da aka watse, ƙuri'a aka yi aka raba gidajen. Sai Gwamna Jakande ya zo, 1979 zuwa 1983. Shekara 4 kacal, amma je ka Amuwo-Odofin, Iponri, Oke-Afa, Abesan, Iba, duk aikinsa ne, kuma bai tsaya cikin birni ba, har Ikorodu da Epe da Badagry an gina. Benaye ne marasa ado, amma masinja da direba da malamin firamare sun samu. Lokacin da yawa daga cikinmu ba mu nema ba, muna cewa Ikko wurin nema ne, gida yana Arewa. Ga shi jikokina a nan aka haife su.

Ni daga hannun wani na sayi nawa daga baya, kuma abin da na gani a bulok ɗinmu shi zan faɗa maka. Cikin waɗanda aka fara bai wa gidajen, mutum 2 suka rage. Sauran sun rasu ko sun tashi, magada sun zuba 'yan haya, kuma kuɗin kasuwa suke karɓa kamar kowane mai gida. Arahar ta tsaya a kan mutum na farko. Ba laifinsu ba ne, halalinsu ne. Amma ranar da gwamnati ta sayar da gida, ranar ya fita daga hannun talakan da zai zo a baya. Gyara ma haka, kowa da nasa ɗakin, rufi da matakala da sokawe kuwa sai mun yi karo-karo, wani ya bayar wani ya ƙi.

Ɗan Zango a Amurka

Baba Alhaji ya riga ni faɗa. Yaya Baban Hafsa, irin hukumar da kake tambaya akwai ta, a cikinta ma nake cin abinci. Zangon Agege aka haife ni, yanzu ina wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka wanda ko rabin Agege bai kai ba, ina aikin gyare-gyare a hukumar gidajen garin. Famfo, na'urar ɗumama ɗaki, kwashe ƙanƙara a bakin ƙofar tsofaffi da sanyi, duk ni da abokin aikina ne.

Dokar 1937 ce ta kawo tsarin. Gari ne ke kafa hukumarsa, kuma akwai irinsu sama da 3,000 a ƙasar, mafi yawansu ƙanana. Shugaban gari ke naɗa kwamitin da ke sa ido, a wurinmu mutum 5 ne, ɗaya daga cikinsu 'yar haya ce a gidajen. Hukumar ce mai gida, kuma haya take bayarwa. Wanda ya tashi, mu yi fenti, mu gyara, a kira na gaba a layi.

Kuɗin haya ba a kan gidan ake yanke shi ba, a kan samunka ne: kashi 30 cikin 100, bayan an rage maka wani abu saboda yara ko tsufa. Da kashi 25 ne daga 1969, a 1981 aka ɗaga. Maƙwabta biyu, gida iri ɗaya, sai ka ga wannan na biyan ninkin wancan, kuma ba mai jin haushi. Duk shekara ana sake duba takardunka. In aiki ya kuɓuce maka ka je ofis a rage. Na san wata bazawara mai 'ya'ya 3 da aka sallama daga masana'anta, wata 5 tana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yaranta ko makaranta ba su canja ba. Ranar da na je gyara mata tukunyar ruwan zafi na tuna yadda aka fito da kayan mahaifiyata waje a Agege ina ɗan shekara 9, saboda hayar wata 4. Har na gama aikin ban iya magana ba.

Tabbas abin da 'yan haya ke biya ba ya riƙe gidajen. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ke cike giɓin, kaso ɗaya na gudanarwa, kaso ɗaya na manyan ayyuka kamar sauya rufi. Wanda samunsa ya haura kashi 80 na matsakaicin samun yankin ba a ɗaukarsa, kuma wani kaso na sababbin shiga dole ya fito daga mafi talauci. Akwai kuma hanya ta biyu tun 1974, wadda ake kira Section 8: ka nemi haya a gidan ɗan kasuwa, ka biya kasonka, hukuma ta cika wa mai gida sauran.

Kada in yi maka daɗin baki. Gidaje ba sa isa. A manyan birane mutum na shekaru yana jira, wani lokaci a rufe layin gaba ɗaya. Wata doka ta 1998 ta hana hukumomin ƙara yawan gidaje fiye da abin da suke da shi a 1999, shi ya sa namu tsofaffi ne, kullum cikin faci muke. Sannan tsarin ya dogara da cewa ana iya gane samun kowa a takarda. Mai albasa a Mile 12, yau riba gobe mota ta kwana a hanya kaya sun ruɓe, wa zai ƙididdige masa kashi 30? Sai dai a bi ta ƙungiyar kasuwa, su suka san ƙarfin kowa. Duk da haka ina ganin a ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na Legas, da kowacce za ta riƙe ko gida 100 na haya da ba a sayarwa, da an ga bambanci.

Malam Mai Tattasai, Mile 12

Baban Hafsa, layinmu ɗaya ashe. Biyu zan ƙara. Ruwan kashi 6 ɗin nan da Maman Khalil ta ambata, ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu, ni dai shi ya hana ni ko karɓar fom. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sai ka ji nasu sharuɗɗan.

Na biyu, jiran gwamnati ba nawa ba ne. Mu 14 muka yi adashi shekara 3 muka sayi fili wajen Ibafo, ɓangaren Ogun. Mun sha wuya da masu cewa ƙasar kakanninsu ce, kuɗin harsashi daban, na rufi daban. Amma mutum 5 sun tare. Matsalar kawai, wanda zai riski mota tana sauke kaya sai ya fito tun kafin asuba.

Baban Hafsa, Ketu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Khalil, na duba, rasit na shekara 6 suna nan cikin jakar mai ɗakina, ranar Litinin zan je wurin masu sasancin, daga nan in wuce in yi katin LASRRA. Na kuma yanke shawarar cinikin bana ta banki zai riƙa bi. Malam, zan neme ka bayan la'asar mu yi maganar Ibafo, ko da yake tafiyar asubar ce ke ba ni tsoro saboda makarantar yara.

Ƙanena na Amurka, maganar mahaifiyarka ta taɓa ni, Allah ya saka mata. Zan kai batun gida 100 ɗin nan gaban shugabannin ƙungiyarmu, don lokacin zaɓe shugaban ƙaramar hukuma da ƙafarsa yake zuwa kasuwa. Amma na san abin da za su fara tambayata, don haka ka taimaka mini da amsa: layin nan naku, wa ke riƙe da littafinsa, kuma me ke hana shi ya tsallake bazawarar ya sa ɗan uwansa?