Zauren 'Yan Lab na Legas: furotin da ya ƙi naɗuwa

Hadiza: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka. Furotin ɗin da nake aiki a kai wutsiyarsa sam ba ta naɗuwa, manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin ma zare kawai ta zana min, makin tabbacinta (pLDDT) ƙasa da 50 cikin 100, Farfesa kuma ya dage sai an saka shi a na'urar mas mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Ta ina zan fara?

Dakta Bala: Wa'alaikumussalam. HDX yake nufi, wato awon musanyar haidurojin da diyuteriyom, haidurojin mai nauyi. Ana tsoma furotin a ruwa mai nauyi, D2O, inda yake a warware sai ya musanya haidurojin da diyuteriyom nan take nauyinsa ya ƙaru, inda ya naɗe kuma sai a hankali. Amma fa wutsiya irin taki kafin sakan 10 ta riga ta cika, duk awon da aka yi bayan nan iri ɗaya za ki gani, sai na'urar da ke aiki a milisakan. Sannan tsayar da musanyar yana son pH 2.5 da sanyin ƙanƙara, fefsin, sinadarin da ke gutsura furotin, ya yanka, in samfur ya ɗumama diyuteriyom ɗin da ya shiga ya gudu.

Sani Agege: Da wannan wutar tamu Dakta? 😂 Ni ko firizar lab ban yarda da ita ba, balle a ɗauko samfur daga Idi-Araba a maƙale a goslo.

Maman Ilham: Hadiza ƙanwata kar ki zubar da kuɗi tukuna. Ki ɗan ɗiga tirifsin kaɗan, shi ma sinadari ne mai gutsura furotin, ki riƙa ɗiba bayan minti 1, 5, 15 ki zuba a jel mai raba gutsattsarin bisa girmansu, ɓangaren da yake sake shi zai fara gutsurewa, dunƙulallen ya tsaya. Wannan layin da ya rage shi za ki yanko ki aika, LC-MS, awon mas na yau da kullum, ya isa ya faɗa miki inda iyakar wutsiyar take.

Sani Agege: Ki duba PRIDE ma, rumbun bayanan awon mas ne a intanet, kyauta ne, ƙila wani ya riga ya zuba ɗanyen bayanan furotin ɗinki.

Dakta Bala: In za ki aika shi ɗungurungum ba yanka, ki canza bafa, wato ruwan da furotin ɗin yake ciki, zuwa amoniyom asitet, gishiri da fosfet suna ɓata sakamako. Warwararren furotin yana kwasar caji kala-kala da yawa, kamar alfa-sinukilin na cutar Parkinson.

Hadiza: Na gode Aunty, na gode Dakta. Wa ke da tirifsin a kusa da Yaba?

Sani Agege: Akwai ragowa a wajena, ki taho da kula da ƙanƙara gobe bayan Azahar.