Ƙanena mai zane ne, ana yabo amma ba a saye

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena shan inna ya kama shi yana ɗan shekara 3. Mahaifiyarmu ce take goya shi zuwa makaranta, da ta rasu na ɗauko shi, har maigidana ya sa aka faɗaɗa ƙofar ɗaki saboda kekensa. Yana zana fuska da fensir, kai ka ce hoto ne. Na buɗe masa shafi a Instagram, kowane zane ina haɗawa da hotonsa a kan keke. Yabo kamar me, ciniki babu. Wani ya sa shi kwana 9 yana zana matarsa, ya karɓa ya ce "Allah ya ƙara lafiya", shi ke nan. Ya zan yi?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Hajiya, ke kika jawo. Cire hoton keken nan. Wanda ya ga keke sadaka yake tunani, sadaka kuwa ba a yi mata farashi. Rabin kuɗi kafin ya taɓa fensir, ciko kafin zane ya bar hannunsa.

Anti Rabi: A'a Malam, labarinsa ma jari ne. Akwai ƙungiyar masu zane da baki da ƙafa mai hedkwata a Liechtenstein, wata ƙaramar ƙasa a Turai, ba sa ɓoye lalurarsu. Ana buga zanensu a kalanda da katin gaisuwa, ana saye.

Malam Sabo: Kin faɗa da bakinki, bugawa ake. Zane ɗaya, kwafi rututu. Fuskar matar wani wa zai saya in ba mijinta ba? Ya zana abin da kowa zai rataya a ɗaki.

Zulai Mai Zare: Ni kurma ce, aikin zare nake. Wata ƙungiya ta tara mu bita, aka yi ta ɗaukarmu hoto, aka ba mu takardar shaida. Jarin da aka yi alkawari har yau shiru. Takardar na ƙarƙashin katifa.

Maman Sadiq: Malam, ni ba bara nake da shi ba. Ranar da na sa zane babu hotonsa ko mutum 10 ba su kula ba. Kuma neman kuɗi kafin aiki da kunya, yawanci masu sa shi zanen 'yan uwa ne.

Malam Sabo: To ai ga ciwon nan, 'yan uwa.

Baban Nana: Hajiya, shi mai zanen me ya ce? Ya yarda a riƙa sa hotonsa?

Maman Sadiq: Shi ba mai yawan magana ba ne. Anti Rabi, wannan ƙungiyar tana ɗaukar mai zane da hannu?