Wace kalma za mu ba "underworld" da Hausa?

1. Jama'a, ina fassara wani labarin yaƙin duniya na 2, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Sunan wani shirin sirri na sojan ruwan Amurka ne: Operation Underworld.

2. A Fabrairun 1942 katafaren jirgin ruwan Normandie ya kama da wuta a tashar New York, ya kife. Bincike ya nuna haɗari ne, amma a lokacin tsoron 'yan zagon ƙasa ya cika gari. Sai jami'an leƙen asirin sojan ruwa suka nemi Joseph Lanza, wani jigon masu aikata laifi wanda ke juya kasuwar kifi ta Fulton, ya sa masunta da 'yan dako su zama idonsu. Lanza ya ce ƙarfinsa bai kai ko'ina ba, a nemi Lucky Luciano, babban uban gidan masu aikata laifi na New York.

3. Luciano kuwa yana ɗaure tun 1936, hukuncin shekara 30 zuwa 50. Aka matso da shi wani kurkuku mafi kusa da birnin New York, abokin harkarsa Meyer Lansky ya riƙa kai kawo tsakaninsa da sojan. A 1946 Gwamna Thomas Dewey, wanda shi ne ya gurfanar da shi tun farko, ya sassauta hukuncin, aka tasa ƙeyarsa zuwa Italiya.

4. To, me za mu kira mutanen nan? "Duniyar ƙarƙashin ƙasa" ban ma saurare ta ba, mai karatu zai ɗauka kabari ake nufi. Na so in rubuta "mafiya" (wato Mafia, sunan da ake kiran irin ƙungiyarsu) kawai, sai na tuna muna da tamu: "mafiya yawan mutane". Ka ce "mafiya sun taimaki soja", a tambaye ka mafiya me?

5. Wani ɗan'uwa ya ce 'yan daba. A'a, Malam. Ɗan daba, ko kauraye, ko sara-suka, yaran wani ne, ana ba su kuɗin aiki su watse. "Gungun masu aikata laifi" da kafofin labarai ke faɗa daidai ne, sai dai ya yi tsawo, kuma ɓarayin shanu biyar ma gungu ne. "Ƙungiyar asiri" kuma tsafi take kawowa a rai.

6. Abin da ya bambanta su Luciano shi ne mulki. Suna da shugaba da wakilai, da yankin da kowa ya san nasu ne, suna karɓar haraji, har majalisar sasanta rikicin gidajensu suka kafa a 1931. Shi ya sa soja suka je wurinsu: wanda yake son shiga gari, mai gari yake gaisarwa.

7. Da farko na rubuta "masarautar miyagu", na goge, don ba na son wasiƙa daga fada. Na tsaya a kan "daular miyagu". Shirin kuma ya zama "Shirin Daular Miyagu", manyansu "iyayen gidan daular". Mutanen Damagaram da Maraɗi, idan kuna da wadda ta fi wannan zama a baki, ku kawo kafin in miƙa aikin ranar Litinin.